Ɗana, Auna Tashin Motarka Kafin Ka Ba Ta Wuta

Ɗana, kwanakin nan duk majalisar samarin da mutum ya gifta a Birnin Kebbi, daga Gesse har Badariya, gardama ɗaya zai ji: motar wane ta fi ta wane tashi. Wannan ya ce tasa tana kai 100 cikin sakan 7, wancan ya rantse tun daga shataletale ya bar shi a baya. Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Kabawa sun daɗe da son abin hawa mai kuzari, kakanninmu sun yi sukuwa, sun yi tseren kwale-kwale a Matan Fada, kuma mai jini a jika dole ya so abin da zai amsa masa in ya taɓa shi. Abin da ke damuna shi ne da wuya ka sami wanda ya taɓa aunawa da gaske a cikin masu gardamar nan, kuma da yawansu sun riga sun zuba kuɗi a gareji sun rage wa motarsu ƙarfi suna zaton ƙari suka yi. Na daɗe ina zama da direbobi da kanikawa. Na ga inda kuɗi ke zurarewa, na kuma ga inda abin ya wuce asarar kuɗi, shi ya sa nake roƙon aron kunnenka.

Abu biyu ne ke ja-in-ja a cikin kowace mota: ƙarfin da inji ke bayarwa, wanda ake lissafawa da ƙarfin doki, da nauyin da aka ɗora masa ya ja. Ɗauki Corollar nan ta 2003 zuwa 2008 da ta cika gari. Injinta mai lita 1.8 yana ba da doki wajen 130, nauyinta kuma wajen kilo 1,150, ka ga kowane doki yana jan kilo 9 ke nan. Camry ta 2007 mai silinda huɗu tana da doki 158, amma jikinta ya kai kilo 1,500, kowane doki na jan kilo 9 da rabi. Shi ya sa mai Camry yake mamakin yadda 'yar Corolla ke manne masa ta ƙi barinsa. Sai ka je ga Camry mai V6, mai doki 268, sannan lissafin zai sauka zuwa kilo 6, kuma a nan ne za ka ji kujera ta tokare maka baya. Lafiyayyar Corolla tana ɗaukar wajen sakan 10 kafin ta kai kilomita 100 a awa daga tsaye, mai V6 kuwa ba ta cika 7. Babu bakaniken da zai mayar maka da ta farko ta koma ta biyu, komai zaƙin bakinsa.

Ɓangaren nauyi kuwa a hannunka yake kullum. Kai kaɗai a Corolla, kai da ita kun kama kilo 1,220. Ka ɗauki mutum huɗu za ku ɗaurin aure Argungu, ka jefa buhun shinkafa biyu 'yan kilo 50 a but, kun doshi kilo 1,600. An ƙara wa injin kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake ja, don haka abin da take yi a sakan 10 sai ta yi shi a 13. Motar lafiyarta ƙalau. Amma direban da ya saba tafiya shi kaɗai, idonsa da ƙafarsa sun haddace tashin sakan 10, ranar da ya yi lodi sai ya fito wuce tirela da lissafin jiya. Da yawa daga aron hannun da na ga ya ƙare da salati daga nan suka samo asali.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Gwargwadon iskar da inji ya shaƙa, gwargwadon man da zai iya ƙonawa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, iska takan saki, kaurinta ya ragu; tsakanin safiya mai digiri 25 da azahar mai digiri 42 akwai ragin kusan kashi 5 cikin 100. Ka kunna na'urar sanyi, ita ma ta karɓi nata dawakan. Saboda haka in ka ga bidiyon wani Bature da aka ɗauka cikin sanyin ƙasarsu a kan kwalta mai sulɓi, kada ka ɗora motarka a kan wannan ma'auni ka ce ta gaza.

To yaya ake awon gaskiya? Kowace mai awo a kasuwa ta san in za a kwatanta hatsin jiya da na yau, da mudu ɗaya ake aunawa, cika iri ɗaya. Jikin mutum ba ya iya wannan aiki. Kunne ya ji ƙara ya ce gudu ne, baya ya ji fizga ya ce ƙarfi ne, zuciyar da ta biya kuɗin gyara kuwa ba ta son a ce mata an yi asara. Agogon gudun da ke gabanka ma ba a gama yarda da shi ba, domin kamfanoni sukan saita shi ya ɗan zarce gaskiya, in kuma an canza girman taya sai lissafinsa ya ƙara rikicewa. Akwai kuma wani tarko da ya kama yara da yawa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, manyan lambobin agogonsu mil ne, na kilomita suna nan ƙanana daga ciki. Mil 60 kilomita 97 ne. Yaro ya ga allura a kan 80 ya ɗauka yana cikin doka, alhali tafiyar kilomita 129 yake yi. Ka leƙa agogon motarka yau ka tabbatar da wanne kake karantawa.

Wayar da ke aljihunka ta fi agogon nan gaskiya, domin manhajar auna gudu da tauraron ɗan adam take aiki. Rauninta shi ne yawancin wayoyi sau ɗaya a sakan suke sabunta lissafi, na'urorin masu gwajin motoci irin su VBOX da Dragy kuwa sau 10 ko fiye, amma wannan ba zai hana ka aiki ba matuƙar za ka maimaita awon. Shawarata ka bar batun 0 zuwa 100, ka auna daga 40 zuwa 80. Dokar hanya a ƙasar nan ta ba motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 sai a tagwayen hanya, ka ga wannan awo bai fitar da kai daga doka ba a hanyar Argungu ko ta Jega. Ba ya wahalar da kuloci da giya kamar fizgar tsaye, kuma shi ne tashin da kake nema a zahiri duk lokacin da ka sami kanka a bayan babbar mota.

Ka zaɓi miƙaƙƙen wuri a bayan gari inda kake hango nesa gaba da baya, babu ƙauye, babu makaranta, babu burtali, kuma ba ranar kasuwa ba. Ka fita da hantsi, bayan injin ya yi tafiyar kamar minti 15 ya ɗumama. Tanki rabi, gilasai a rufe, na'urar sanyi a kashe, kowa da bel ɗinsa. Abokinka ya zauna a gefe da waya biyu, ɗaya na nuna gudu, ɗaya na ƙirga sakan. Kai idonka na kan titi, hannunka biyu a sitiyari, ba ruwanka da waya. Ka daidaita a 40, in mai giyar hannu ce a giya ta uku, in otomatik ce a D. Ya ce "taka", ka taka totur har ƙasa. Da lamba ta nuna 80 ya tsayar da agogo, kai kuma ka ɗaga ƙafa. Ku juyo ku yi ta ɗaya ɓangaren, domin titin da ido ke gani a shimfiɗe sau da yawa yana da ɗan gangare, iska kuma in ta tura ka a tafiya za ta tare ka a dawowa. Uku a tafiya, uku a dawowa, ku haɗa ku raba shida. Ko akuya ce ta ɓullo a gefen hanya, a fasa wannan zagayen. Sai ka sami ɗan littafi ka rubuta kwanan wata, da yanayin gari, da kilomitar da motar ta ci, da sakamakon, ka ajiye shi a aljihun mota.

Kada ka gwada tashi a cikin gari, ko da tsakar dare ne. Motar da ke kai 100 cikin sakan 10 takan cinye fiye da mita 140 kafin ta kai, sannan tana buƙatar wasu mita 80 da ɗoriya kafin ta tsaya cak, wannan ma a busasshiyar kwalta da birki mai ci. Nuna mini titi ɗaya a Birnin Kebbi da za ka dafa ka ce a cikin mita 220 ɗinsa babu yaron da zai fito da gudu daga lungu, babu ɗan kabu-kabun da zai yi kwana ba sigina, babu almajirin da ke tsallakawa da kwanonsa.

Da lambar nan a hannunka, yanzu za a iya maganar ƙara wa mota tashi. Abin da na gani shi ne motar Kwatano da ta shekara 15 ko 20 a duniya, abin da ta rasa take nema a dawo mata da shi. Yawancin ƙarfin da kamfani ya zuba mata yana nan, ƙananan abubuwa ne suka toshe shi, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na farkonsu matatar iska. Ka tsaya kusa da bakanike ranar da zai buɗe akwatinta bayan hunturu. Zai ɓalle ƙugiyoyin, ya zaro ta, ya buga a jikin taya, jar ƙura ta tashi ta rufe masa hannu har gwiwa. Karɓe ta ka ɗaga saitin rana. In haske bai ratso takardar ba, ta gama aikinta. Kada ka yarda a wanke ta da fetur, ko a hura mata iskar mai faci har ta yage, balle a cire ta gaba ɗaya wai don mota ta numfasa. Ƙurar da take tarewa ita ce za ta shiga ta goge ringi da silinda, wata 'yan kaɗan ka fara bin gari da shuɗin hayaƙi. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada wannan a 2009, ta tarar canza matatar da ta toshe yana gyara lokacin tashi da kashi 6 zuwa 11 cikin 100 a motocin zamani. Babu wani kayan ado da zai ba ka wannan a kuɗin matata.

Daga nan sai filogi. Ka sa a kwance su a jera maka a kan tsumma. Bakin filogin injin da ke ƙona mai daidai yakan yi ruwan ƙasa mai haske, a bushe. Wanda ya yi baƙi ƙirin yana gaya maka fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, wanda ya jiƙe da baƙin mai kuma ciki ya fara saki. Filogi ɗaya ya daina ba da wuta a inji mai silinda huɗu, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinka ya tafi. Ita kuma 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji, na ga inda ake liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dami ido. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura kwamfutar motar ta faɗi abin da ke damunta: P0300 wuta ce ke tsallake, P0171 iska ta rinjayi mai. Kuɗin jona na'urar nan bai kai na canza kaya uku a kan canki-canka ba.

Akwai al'ada biyu a garejinmu da nake roƙonka kada ka bari a yi wa motarka. Ba mugunta ke sa yawancin kanikawa yin ta farko ba, gadonta suka yi tun zamanin Fijo mai kafireto: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu akwai zafi. Injin zamani an gina shi ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 90. In aka cire abin da ke tsare masa wannan zafi, da safe da lokacin hunturu ba ya kaiwa, kwamfuta ta ɗauka bai ɗumama ba, sai ta yi ta ɗura masa fetur fiye da kima. Fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, filogi ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa da fanka, a zuba ruwan sanyaya inji na gaske maimakon ruwan rijiya mai barin tsatsa. Ta biyu ita ce fasa matatar hayaƙi, wadda ake ce wa indomi. Gaskiya ne in ta toshe tana shaƙe mota har ta kasa hawa tudu, a nan dole a canza ta. Amma lafiyayya ba ta rage maka abin da za ka ji a ƙafa, kuma a cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, akwai kuma masu sayensu da kuɗi mai kauri. Duk wanda ya ce a cire maka ita kyauta, tambaye shi ina za a kai wadda aka cire. Gubar da take tacewa kuma, mai tallan da ke bakin titi da yaron da ke bayanka a babur ne za su shaƙe ta.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Ka yi juye a kan lokaci da man da littafin motar ya ce. Corollar da muka ambata 5W-30 aka rubuta mata. Bayan tafiya ka zaga ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi birkinta na riƙewa. Iskar taya a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, a yi gejin da safe. In kana giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka taka totur, inji ya yi kuka mota ba ta ƙara sauri ba, kuloci ya cinye. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur ya yi wa injuna a ƙasar nan cikin Fabrairun 2022 sun san mai kaɗai ya isa ya kwantar da mota, balle na jarkar 'yan bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya masa ba. Sharaɗin duka shi ne ka canza abu ɗaya, ka koma wurin awonka, ka rubuta. In ka canza biyar rana ɗaya ba za ka san wanne ya yi aiki ba, wanne kuma ya ci kuɗinka a banza.

Littafin nan ne zai tsare ka daga masu sayar da ƙara. Yanke salansa yana sa unguwa ta san ka fito, amma agogo ba ya jin ƙara. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Manyan ƙafafun alminiyam masu siririyar taya suna da kyau a hoto, sai dai nauyi ne a wurin da dole inji ya juya shi. Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada su a 2010 a kan Golf, daga inci 15 har 19, ta tarar manyan sun rage tashi sun ƙara shan mai, a hanyoyinmu kuma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa su. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, da ƙwayar da ake jefawa a tanki, da 'yar roba mai walƙiya da ake jonawa a kafar kwamfuta, ka auna kafin ka auna bayan, za ka ga lambar ba ta motsa ba. Sai ɗabi'ar nan ta barin giya a N, a taka totur inji ya yi kururuwa, sannan a jefa D. Giyar otomatik ba ta yafe wannan, kuma da tsadar da ake ciki ban ga saurayin da ke da kuɗin wata giyar a ajiye ba.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa ni, da furfurata, nake so motarka ta zama mai tashi. Kana hanyar Jega zuwa Koko, ga tirela a gabanka ta yi lodin albasar Aliero tana tafiyar kilomita 60. Tsawonta ya kai mita 17. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce ta, ka koma hannunka da tazara mai kyau, sai ka ci mata wajen mita 50. In kana tafiyar 80, fifikonka a kanta kilomita 20 ne kawai a awa, ƙasa da mita 6 a sakan, don haka za ka shafe sakan 9 a hannun da ba naka ba. A cikin sakan 9 ɗin ka ci mita 200, mai tahowa da gudu irin naka shi ma ya ci 200. Kana buƙatar hango mita 400 fayau ke nan, ban da lokacin da motarka za ta ɗauka ta tashi daga 60 zuwa 80. Kowane sakan da toshewar matata ko mataccen filogi ya ƙara maka, mita 44 ne ke raguwa tsakaninka da mai tahowa. Iya ruwa fid da kai. Wanda ya san lambar motarsa, ya kuma san yau da lodi yake tafe, ya san lokacin da zai fito da lokacin da zai haƙura ya bi bayan tirela har a wuce kwana.

Duk nairar da za ka kashe a kan tashi, ka fara kashe 'yar'uwarta a kan tsayawa. Ka ninka gudu sau biyu, nisan birki ya ninka sau huɗu. A kilomita 50 lafiyayyar mota tana tsayawa cikin wajen mita 14 daga taka birki, a 100 sai ta ci 56, ban da mita 28 da ta riga ta shafe a sakan ɗayan da ido ya ɗauka kafin ya aiki ƙafa. Ka sa a duba takalman birki da mansa. Ka tsuguna ka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke gefen taya bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar Kwatano takan zo da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe, kwaltar Afrilu kuwa ba ta raga wa tsohuwar roba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai, wasan mota a wajen biki. Na san daɗinsa: ƙura ta turnuƙe, taya na kuka, ana guɗa, abokai na ɗauka a waya. Amma dubi waɗanda ke tsaye a da'irar. Ƙananan yara ne a sahun gaba, domin su suka fi kowa son gani, kuma babu komai tsakaninsu da ƙarfen da ya haura tan ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge, haɗarin mutuwarsa yana ninkawa sau 4 da rabi in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Na je zaman makoki a ƙofar gidan da ba a ma kwance rumfar biki ba, kuma yaron da ke tuƙin ɗan mutunci ne da kowa ke yabo, taya ce ta taka yashi sitiyari ya ƙwace. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Ango abokinka ne, ka taya shi murna da abin da ba zai sa ya riƙa tuna ranar aurensa da hawaye ba.

Ɗiyata, ke ma da ke nake. Mata da yawa a garin nan yanzu suna tuƙa kansu zuwa aiki da makaranta, kuma na lura ku aka fi tsorata a gareji, a ce miki motar ba ta ja sai an sauke inji. Ki tafi da ƙanenki ko maigidanki ku auna, ki riƙe lambarki. In bakanike ya ce a canza abu, ki ce, "Malam, a jona na'ura mu gani tukuna," in an canza kuma ki karɓi tsohon a leda, ki sake awo. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, daɗi ma yake ji ya sami mai gane aikinsa.

Son mota, in aka ba shi hanya, yana kai mutum nesa. Jelani Aliyu a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, ya karanta zanen gine-gine ya gama a 1988. Daga nan ya tafi Ditiroit ta Amurka ya koyi zanen mota, ya yi aiki da General Motors, ya zana jikin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da ƙera motoci. A Maris na 2020, lokacin da bikin kamun kifi na Argungu ya dawo bayan dogon hutu, hukumarsa ta shirya gangamin motocin da aka harhaɗa a Najeriya, daga Abuja har Argungu. Ka ga ke nan wasan mota mai tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi.

In jininku na neman tsere, ku nemi a yi shi yadda masu sana'ar ke yi. Ku haɗa ƙungiya, ku yi rajista, ku tafi da takarda wurin hukumar kiyaye haɗurra da ma'aikatar matasa da wasanni da masu shirya bikin Argungu, ku roƙi fili a bayan gari da rana guda. A rufe hanya, a kafa shinge, 'yan kallo su tsaya nesa kuma ba a ƙarshen layi ba. A duba birki da tayar kowace mota kafin ta shiga, direba ya sa hular kwano da bel, motar asibiti da ta kashe gobara su tsaya a gefe. Mota ɗaya-ɗaya ta riƙa tashi a kan mita 402, tsawon da aka saba a irin wannan tsere a duniya, a bar mata ninkin wannan don tsayawa, ɗaliban injiniya na Waziri Umaru su riƙe na'urar awo su rubuta sakamako a allo. A raba motoci aji-aji bisa girman inji, mai Corolla ya kara da mai Corolla. Akwai dattawa a garin nan, har da ni, da za su raka ku ofis-ofis in kun zo da tsari a rubuce.